Kyarkeci da Hular Kaka

Akwai wani zane da nake yawan komawa gare shi, musamman in dare ya yi nisa barci ya ƙi zuwa. Baƙi da fari ne, babu launi ko ɗigo. Yarinya ce ƙarama a kan gado, ta jawo mayafi har kafaɗa, ta zare ido tana satar kallon wanda ke kwance a gefenta. Na gefen nata kyarkeci ne. Ya ɗaura hular barcin kakarta, ya ɗora ƙafafunsa na gaba a kan bargo, farata a waje. Ko kallonta bai yi ba. Wannan rashin kallon shi ya fi tayar mini da tsigar jiki, domin ya yi shiru ne irin na wanda ya san abin da ke gabansa ya riga ya zama nasa, ba ya bukatar gaggawa.

Gustave Doré ne ya zana shi, Bafaranshe haifaffen Strasbourg a 1832, cikin littafin tatsuniyoyin Charles Perrault da aka buga a Paris a 1862. Labarin shi ne na yarinya mai jar hula da aka aika ta kai wa kakarta abinci. Wanda ya san shi ta hanyar 'yan'uwan Grimm na Jamus zai ce ai ba komai, maharbi na nan tafe, zai farke cikin kyarkecin ya fito da ita da kakar da ransu. To, a wurin Perrault, wanda ya fitar da nasa tun 1697, babu wani maharbi. Kyarkeci ya lamushe ta, labari ya ƙare a nan. Doré ya san haka sarai, amma bai zana cin ba. Ya tsaya a daƙiƙar da ke gab da shi, lokacin da zuciyar yarinyar ta fara gaya mata wannan ba kakarta ba ce, bakinta kuwa bai kai ga furtawa ba.

Ni ba mai zane ba ne. In na zana kyanwa sai an tambaye ni ko akuya ce. Abin da na iya shi ne kallo, kuma shekaru ke nan ina tara hotunan tsofaffin littattafan tatsuniya a kwamfuta, ina kwaso su daga Internet Archive da Project Gutenberg da Wikimedia Commons, ina jera su a ma'aji daban-daban da sunan mai zane da shekara. Matata ta ce wannan cuta ce. Ban musa ba. Amma da yawan kallon na lura da wani abu guda: tatsuniya tana da daƙiƙoƙi ɗari, mai zane kuwa shafi ɗaya aka ba shi. Wadda ya zaɓa daga cikinsu ita ke nuna maka ko ya fahimci labarin ko kuwa ado kawai yake yi masa.

Da farko ma waɗannan labaran ba su zo da hoto ba. Lokacin da Jacob da Wilhelm Grimm suka fitar da juz'in farko na tarinsu a 1812, littafi ne na malamai, cike da bayanai kan inda aka samo kowane labari, babu zane ko ɗaya. Bai yi wata kasuwa ba. Sai a 1823 wani lauya a Ingila, Edgar Taylor, ya fassara wasu daga cikin labaran zuwa Turanci, aka ba George Cruikshank ya yi musu hotuna. Cruikshank ɗan barkwanci ne, ya saba zanen shaguɓe ga sarakuna da 'yan siyasa, kuma da wannan hannun ya zo. A labarin baduku da ƙananan aljanun da ke ɗinka masa takalma cikin dare, bai zana ɗinkin ba. Ya zana su ne lokacin da suka tarar da 'yan tufafin da aka ajiye musu, suna tsalle suna kiciniyar zura wando, baduku da matarsa na leƙe ta bayan labule. Littafin ya karɓu ƙwarai, har labari ya koma Jamus. A 1825 'yan'uwan suka fitar da ƙaramin bugu mai labarai 50, da hotuna 7 na ƙanensu Ludwig Emil Grimm. Wannan ƙaramin bugun shi ya shiga gidaje.

Cruikshank ɗin nan kuwa daga baya ya yi abin da ya ba ni dariya. Ya daina shan giya, ya zama mai wa'azin hana ta, sai ya shiga sake rubuta tatsuniyoyi daga 1853 yana cusa wa'azinsa ciki. A tasa Cinderella, ranar biki aka tattara duk giyar gari aka cinna mata wuta. Marubuci Charles Dickens, wanda tsohon abokinsa ne, ya rubuta maƙala a mujallarsa yana caccakar wannan ɗabi'a ta yi wa tatsuniya kutse. Ina bayan Dickens a wannan rigimar, amma hotunan da Cruikshank ya yi wa littattafan wa'azin nasa suna da kyau, ba zan ɓoye ba.

Mu koma wurin Doré, domin akwai wani abu da na daɗe ban lura da shi ba. In ka duba ƙasan zanensa za ka ga sunaye biyu, nasa a kusurwa ɗaya, na wani a ɗaya kusurwar: Pannemaker, ko Pisan, ko wani daban. Waɗannan su ne masassaƙa. A wancan zamani ba a ɗaukar hoton zane a buga shi. Doré zai yi zanensa ne kai tsaye a kan wani katako mai tsananin tauri da aka yanko a kwance, ta inda zoben shekarun itacen ke bayyana, aka goge shi ya yi sumul. Itacen ba ya kauri, don haka babban hoto sai an haɗa guntaye an ɗaure su. Daga nan masassaƙi zai zauna da 'yan ƙarafunsa masu tsini, ya riƙa ƙwaƙule duk inda ake son ya fito fari, ya bar inda tawada za ta hau. Hanyar da Thomas Bewick na Ingila ya inganta ke nan tun ƙarshen ƙarni na 18. Ka tuna kuma komai a juye yake, dama ta koma hagu. Kuma in an gama sassaƙa, zanen Doré na asali ya tafi ke nan, an ƙwaƙule shi ya zama gari. Abin da muke gani yau hannun mutum biyu ne, ɗaya duniya ta san shi, ɗaya sai mai ƙwaƙwaf irina.

Ka buɗe hoton ka ƙara girmansa a allo har layukan su rabu. Duhun dajin nan da ke sa ka ji kamar za ka ɓace a ciki ba komai ba ne sai dubban siraran layuka jere da juna, wasu kusa, wasu nesa. Gashin kyarkeci, kowane sili wani ne ya bi shi da ƙarfe. Akwai hoton da kyarkecin ke faɗa wa kakar a gado, tabaranta na zamewa ƙasa, kyanwa ta ruga ƙarƙashin gado. Akwai na dodon nan mai cin mutane a labarin ƙaramin yaro da 'yan'uwansa shida, ya sunkuya da wuƙa a kan 'ya'yansa mata bakwai suna barci, bai san yaron ya musanya musu huluna ba. Idanunsa sun firfito, jijiyoyi sun tashi, su kuwa yaran suna barcinsu da ƙasusuwan abin da suka ci a kan mayafi. Nan ma wuƙar ba ta sauka ba tukuna. Wannan littafin yara ne fa, ko aƙalla da sunan yara aka sayar da shi. Mutanen da suka yi shi ba su ɗauka cewa tsoro abu ne da za a ɓoye wa yaro ba. Sun ɗauka cewa yaro ya riga ya san tsoro, abin da yake nema shi ne a ba tsoron nasa fuska.

Launi ya zo ta hannun wani mai ɗab'i a Landan, Edmund Evans. Shi ma da katako yake aiki, amma kowane launi da nasa katakon, a buga ɗaya a kan ɗaya, kuma dole su sauka daidai wuri guda, in ba haka ba jan baki ya koma kan hanci. Da shi Walter Crane da Randolph Caldecott da Kate Greenaway suka yi suna. Littattafan Crane 'yan sirara ne, ana sayar da su sisi, manyan kuma sule guda. Crane ya ga hotunan ɗab'in Japan ya kamu da son su, shi ya sa za ka ga baƙin layi mai kauri da launi a shimfiɗe ba inuwa. A labarin kyakkyawa da dodo na 1874, ya yi dodon da kan aladen daji, sanye da jar kwat ta manyan mutane, zaune a kujera yana hira cikin ladabi. Ina yaba wa Crane amma ba na ƙaunarsa. Yakan cika shafi da labule da tukwanen fure da zanen bango har ka manta ana cikin tashin hankali. Ga alama ɗakin ya fi damunsa fiye da mutanen da ke ciki.

Zan tsallake abubuwa da yawa a nan. Akwai jerin littattafan tatsuniya 12 na Andrew Lang, kowanne da launin bangonsa, daga shuɗi a 1889 zuwa na ƙarshe a 1910, waɗanda H. J. Ford ya yi wa yawancin hotuna, matar Lang kuma, Leonora, ta yi mafi yawan aikin fassara da sake rubutu. Akwai Aubrey Beardsley da ya yi wa hikayar Sarki Arthur zane a 1893 zuwa 1894, tarin fuka ya kashe shi yana ɗan shekara 25. Akwai Howard Pyle a Amurka da Robin Hood ɗinsa na 1883. Kowannensu ya isa a yi masa zama na musamman. Amma inda zuciyata take shi ne shekarun nan kaɗan, daga 1905 zuwa barkewar Yaƙin Duniya na Ɗaya.

Abin da ya canza shi ne na'ura. An gano yadda za a ɗauki hoton zanen ruwa sau uku, kowane ɗauka ta bayan gilashi mai launi daban, a fitar da faranti uku na ƙarfe: na rawaya, na ja, na shuɗi. In an buga su a kan juna, ƙananan ɗige-ɗigen su haɗu a ido su dawo da launin asali. Masassaƙi ya fita daga tsakani. Karon farko ke nan da abin da mai zane ya shafa da burushinsa zai iso ga mai karatu kusan yadda yake. Sai dai wannan ɗab'i ba ya kamawa sai a takarda mai santsi da ƙyalli, wadda ba ta dace da rubutu ba. Don haka sai a buga hotunan daban, a yanka, a manna kowanne da hannu a kan takarda mai kauri, a rufa masa wata takarda shara-shara da aka rubuta layin labarin da hoton ke nunawa. Littattafan kyauta ne na lokacin Kirsimeti. Akan yi bugu na gama-gari da bangon yadi, a kuma yi 'yan ɗaruruwa da bangon fata da ruwan zinariya, mai zane ya sa hannu a kowanne. A Landan kuma akan baje zanen na asali a gidan baje kolin zane na Leicester Galleries a sayar, mai zane ya ci riba biyu.

Sarkin wannan zamani Arthur Rackham ne. Akawu ne a kamfanin inshorar gobara, yana zuwa makarantar zane ta Lambeth da yamma, sai a 1892 ya ajiye aikin ya koma zanen jarida. Littafin Rip Van Winkle na 1905, mai hotuna 51, shi ya ɗaga shi, Peter Pan ya biyo a 1906. Yadda yake aiki: fensir da farko, sai alƙalami da tawada, sannan ya bi da launin ruwa siriri, shafi bisa shafi, yawanci ruwan ƙasa da toka-toka da kore mai duhu, kamar an jiƙa takardar a ruwan shayi. Itatuwansa su ne abin magana. Ka kalli kututture ka ga kututture, ka sake kallo ka ga hanci, ka ga baki a murguɗe, ka ga rassan nan yatsu ne masu gaɓoɓi, saiwoyin kuma kamar suna shirin taka ƙasa su biyo ka. Ba ya nuna maka dodo a tsakiyar shafi ya ce ga shi. Yakan bar ka ka gano da kanka cewa tun ɗazu dajin yake kallonka. An ce yakan saka fuskarsa a cikin 'yan tsofaffin aljanunsa masu sanƙo da tabarau, kuma in ka ga hotonsa ba za ka yi gardama ba.

Kishiyarsa a kasuwa Edmund Dulac ne, mutumin Toulouse da ya karanta shari'a ya watsar, ya zo Landan a 1904, ya zama ɗan ƙasar Birtaniya a 1912. In Rackham mutumin layi ne, Dulac mutumin launi ne. Ya gane cewa sabuwar na'urar ba ta bukatar baƙin layi ya tsare launi kada ya zube, sai ya bar launin da kansa ya yi gini. Shuɗinsa na dare babu irinsa. A littafin tatsuniyoyin Hans Christian Andersen na 1911 akwai gimbiyar nan da aka gwada da ƙwayar wake a ƙarƙashin katifu 20 da barguna 20. Dulac ya tsaya daga ƙasa ya kalli sama: katifu jibge, kowacce da launinta da zanen yadinta, sun cinye kusan dukkan shafin, can ƙololuwa kusa da rufin gado sai ga 'yar mitsitsiyar gimbiya ta tashi zaune da fuskar wadda ba ta runtsa ba. Wargi ne aka zana shi da natsuwar mai zanen fada.

Masu son waɗannan littattafai sun kasu biyu, 'yan Rackham da 'yan Dulac, kuma kowa da kiwon da ya karɓe shi. Ni ɗan Rackham ne da rana, ɗan Dulac da dare. Amma ina da ƙorafi a kan Dulac, kuma a kan Dare Dubu da Ɗaya ne. Wanda ya yi a 1907, mai hotuna 50, shi ya fito da sunansa. Sararin sama da kubbobi da fitilu sun yi kyau har ba a magana. Gimbiyoyi ma haka. Amma fatake da barayi da bayi, sai ya ba su manyan hanci da kumbura-kumburan idanu da rawuna kamar kabewa, abin dariya kawai. Gabas ce ta mafarkin Bature, ba wadda mutane ke rayuwa a cikinta ba. Ba shi kaɗai ba ne, kuma tushen abin ya girme shi. Labaran sun shiga Turai ne ta fassarar Antoine Galland daga 1704, Aladdin da Ali Baba kuma Galland ya ji su ne a 1709 daga bakin wani matashi ɗan birnin Halab na Siriya, Hanna Diyab, wanda sunansa bai fito a littafin ba. Tun daga nan kowane mai zane yake ɗinka wa labaran rigar da ya ga dama. Crane ma da ya ga an ce Aladdin a ƙasar Sin yake, sai ya haɗa Sin da Japan ya dama. Abin da zan ce don adalci shi ne Dulac ya ci gaba da koyo. Ya zauna ya nazarci ƙananan zanen littattafan Farisa, kuma a Sindbad ɗinsa na 1914 za ka ga hannun ya sauya: launi ya yi haske, nisa da kusa sun daidaita a shimfiɗe, mutanen sun samu mutunci. Da kasuwar littattafan ta mutu, ya koma zanen kan sarki da takardun kuɗi. Kan sarkin naɗin Sarki George na Shida a 1937 aikinsa ne.

Wanda ya fi kowa sanin ƙasar da yake zanawa, a ganina, Ivan Bilibin ne na Rasha. Tsakanin 1899 da 1902 ya yi jerin tatsuniyoyin ƙasarsa, kuma maɗaba'ar gwamnati mai buga takardun kuɗi ce ta buga su, shi ya sa launin ya zauna daram. Daga baya ya yi tafiye-tafiye zuwa arewacin Rasha, yankunan Vologda da Olonets da Arkhangelsk, yana zana majami'un katako da ɗinkin rigunan ƙauye. Kowane shafi nasa yana da firam kamar bakin zane, da namomin daji da tsuntsaye da furanni. Mayyar tatsuniyoyinsu, Baba Yaga, ba ta hawa tsintsiya, a turmi take tafiya tana tuƙi da taɓarya tana share sawunta. Bukkarta a kan ƙafafun kaza take tsaye, shingenta na ƙasusuwan mutane. Hoton da na fi so shi ne na Vasilisa, yarinyar da kishiyar uwa ta aika ɗebo wuta wurin mayyar. Bilibin ya zana ta ne a hanyar dawowa, riƙe da sanda mai ƙoƙon kan mutum a bisa, wuta na fita ta ramukan idonsa tana haska mata daji. Fuskarta ba ta nuna murna ba, ba ta nuna kuka ba. Ta tsira, amma abin da ta ɗauko zai ƙone mutanen gidansu ƙurmus, kuma kamar jikinta ya ba ta. Bilibin ya yi gudun hijira bayan juyin juya hali, ya zauna Alƙahira da Iskandariya, sannan Paris, ya koma gida a 1936. Ya mutu a Leningrad a Fabrairun 1942, lokacin da sojojin Jamus suka yi wa birnin ƙawanya yunwa ta ci mutane.

Ƙarshen da yawa daga cikinsu ba daɗi, kuma ban san dalilin da ya sa nake bin diddigin wannan ba. John Bauer na Suwidin ya fara zana wa wani littafin shekara-shekara na tatsuniyoyi a 1907. Dodannin dajinsa kamar duwatsu ne da gansakuka ta rufe, manyan hanci, ƙananan idanu, ba mugaye can ba, sun fi kama da tsofaffin da kaɗaici ya dama. A 1913 ya zana gimbiya Tuvstarr, 'yar ƙarama fara sol, zaune a bakin wani baƙin tafki tsakanin dogayen itatuwa, tana leƙen ruwa tana neman sarƙar zuciyar zinariya da ta faɗa ciki. Babu abin da ke motsi a hoton. A Nuwamban 1918 Bauer da matarsa Ester da ɗansu ƙarami za su ƙaura zuwa Stockholm. An yi mummunan haɗarin jirgin ƙasa a Getå makonni kaɗan kafin nan, sai suka zaɓi jirgin ruwa. Jirgin, Per Brahe, an labta masa murhunan ƙarfe da kekunan ɗinki, guguwa ta kife shi a tafkin Vättern, duk mutum 24 da ke ciki suka halaka. Shekarunsa 36. Tun da na san wannan ban ƙara kallon yarinyar nan da baƙin ruwanta yadda nake kallonta da ba.

Kay Nielsen na Denmark kuwa ba ruwa ne ya ci shi ba, mantuwa ce. Ɗan gidan wasan kwaikwayo ne, uba darakta, uwa 'yar wasa, kuma hotunansa kamar dandamali suke: dogayen mutane sirara, sarari fayau, dusar ƙanƙara, taurari. A 1914 ya yi hotuna 25 na tatsuniyoyin Norway da Asbjørnsen da Moe suka tattara, ciki har da yarinyar da ke tafe a bayan farin beyar. Shekarar ce yaƙi ya tashi. Takarda ta yi tsada, masu sayen littafin fata da zinariya suka ragu, bayan yaƙin kuma ɗanɗanon mutane ya koma wani wuri. Rackham ya lallaɓa da zanen inuwa baƙi ƙirin, mai arhar bugu, a Cinderella ta 1919, kuma abin mamaki yana cikin mafi kyawun aikinsa. Nielsen ya tafi California, ya yi aiki a kamfanin Disney daga 1937 zuwa 1941, hannunsa na cikin ɓangaren dutsen aljanu na fim ɗin Fantasia. Ya yi zane-zanen shirin fim ɗin 'yar ruwa ta Andersen, aka ajiye su a ma'aji, ba a waiwaye su ba sai da aka zo yin fim ɗin 1989. Ya mutu a Los Angeles a 1957 cikin talauci. Hotunan da ya yi wa Dare Dubu da Ɗaya ba su ga ɗab'i ba sai bayan mutuwarsa da shekaru.

Yanzu duk wannan dukiya tana yawo a intanet kyauta ko kusan kyauta. A ƙasashen da haƙƙin mallaka ke ƙarewa shekara 70 bayan mutuwar mai aiki, na Rackham ya zama na kowa a 2010, na Dulac a 2024, na Nielsen sai 2028. Shi ya sa kake ganinsu a jikin kofi da riga da bangon waya, sau da yawa ba suna, an ƙara musu launi har sun yi kamar alewa. In kana son ganin gaskiyar hoto, nemi wanda aka ɗauko daga littafin kansa, da rawayar takardarsa da ɗige-ɗigen tsufa.

Akwai wata magana ta marubuci J. R. R. Tolkien da ta daɗe tana cizona. A rubutunsa kan tatsuniya, wanda ya faro daga laccar da ya yi a 1939, ya nuna cewa hoto, komai kyansa, ba ya yi wa tatsuniya wani alheri sosai. Hujjarsa ita ce in mai ba da labari ya ce wani ya hau tudu ya hango kogi, kowane mai sauraro zai ga nasa tudun da nasa kogin, waɗanda ya tara tun yarinta. Mai zane kuwa tudu ɗaya zai ba kowa. Na so in ƙaryata shi. Na ce ai gwanayen ba sa rufe ƙofa, suna tsayawa ne a bakinta: wuƙar da ba ta sauka ba, kyarkecin da bai juyo ba, ruwan da ba a ga ƙasansa ba. Abin da zai faru a daƙiƙa ta gaba, kai za ka zana shi a kanka. Har yanzu ina ganin wannan amsa tana da ƙarfi. Sai dai wani littafi ya sa na rage ɗaga murya.

Littafin asali guda ɗaya tak na mallaka daga wancan zamani, Grimm na Rackham bugun 1909, wanda ya kamata ya zo da hotuna masu launi 40. Na same shi ne wurin wani mai sayar da tsofaffin littattafai a intanet, kuma dalilin da ya sa aljihuna ya iya ɗaukarsa shi ne an yi masa fashi. Akwai masu sayen irin waɗannan littattafai su ɓamɓare hotunan su sa a firam su sayar ɗai-ɗai, don kuɗin ya fi na littafin a haɗe. Mai sayarwar bai ɓoye mini ba, ya rubuta cewa hotuna sun ɓace. Da na ƙirga, 11 suka rage. Wanda ya yi aikin ma yana da ido, duk masu kyan ya kwashe.

Amma bai taɓa takardun shara-sharan nan ba. Suna nan kowacce a mazauninta, da layinta na rubutu. Sai ka ɗaga takardar ka tarar da fili, da ɗan busasshen gam inda hoton ya taɓa zama, da wani murabba'i da ya fi sauran shafin haske saboda shekarun da ya yi a rufe. Ɗaya daga cikin waɗanda aka ɗauke shi ne na yarinya mai jar hula a bakin gadon kakarta, inda take mamakin girman kunnuwan kaka. Ina da hoton nan na Rackham a kwamfuta, na san shi, na san labulen gadon da ɗan kwandon da ke hannunta. Na kuma yi ƙoƙarin bin shawarar Tolkien, in rufe ido in ga nawa kyarkecin, wanda ba na kowa ba. Ban taɓa samunsa ba. Duk lokacin da na ɗaga takardar nan, na Doré ne ke zuwa ya kwanta a filin, da hular kaka a kansa, farata a kan bargo, kuma har yau bai juyo ya kalle ta ba.